Tsibirin Awaki

Aji huɗu na yi a firamare, ba zan yi ƙarya ba. Amma tarihin tsibirin da ke tsakiyar kogi a gefen garinmu Kafanchan, na fi masu digiri saninsa, don a wuyana na kai awaki cikinsa.

Da can, in an gama shuka acca da citta, akuya ba ta da izinin yawo. Wasu su ɗaure tasu a turke. Mu 'yan bakin kogi ba ma ɗaurewa. Kafin ruwa ya cika, kowa ya saɓa akuyarsa a wuya, ya ratsa kogi ya sauke ta a tsibiri. Mamata takan ɗaura wa namu jan ƙyalle. Ruwa na cika, shi ke nan, kogi ya zama makiyayi. Ga ciyawa, ɓarawo kuma ba hanya.

Bayan girbi ruwa ya janye, sai ranar kamu. Awakin sun yi ƙiba, sun haihu, sun manta da mu. Dattawa na gudu suna zamewa a laka, mata na gaɓa da kunu suna musu tsiya. Babana, wanda ko ranar Kirsimeti ba ya murmushi, na ga bunsuru ya kayar da shi, ya tashi yana dariya har da hawaye. Akuyar farko da aka kama ta coci ce, godiyar kaka.

Gari ya zo ya cinye gonaki, kiwo ya mutu. Sai hukuma ta yi gada, ta share tsibirin, ta sa benci da lilo. Ya yi kyau, na yarda. Suna ne ya ci mini rai. Kwamiti ya ce za a sa masa dogon sunan Turanci, haɗe da na wani babban mutum da bai taɓa jiƙa ƙafa a kogin ba.

Na miƙe a taro na ce, "Wurin nan yana da suna. Tsibirin Awaki."

Shugaban kwamiti, tsohon hedimasta, ya cire tabarau. "Ɗan'uwa, baƙi za su zo daga Abuja. Mu ce su zo su huta a wurin awaki?"

"To su wa suka fara hutawa a can, Malam?"

Aka yi dariya, aka ce in zauna. Suka buga allonsu.

Ranar buɗewa na ƙi zuwa. Ina zaune bakin titi da tsakar rana sai wata baƙar mota ta tsaya. Ashe babban baƙon da zai buɗe wurin ne. Tun safe direbansa ke karanta wa masu mashin sunan da ke kan katin gayyata, ba wanda ya san wurin. Har otal an tura su.

Direba ya karanta mini. Na ce, "Ban taɓa ji ba."

Baƙon ya sauke gilashi. "Baba, tsibiri ne, da sabuwar gada."

"Au, Tsibirin Awaki. Ai da haka kuka ce, ko yaron goye zai kai ku."

Ya ce in shigo in nuna hanya. A mota ya tambayi dalilin sunan, na ba shi labarin kamu. Ya yi ta dariya. Ashe ɗan ƙauye ne daga wajen Nok, ya ce shi ma bunsurun kakarsa ya sha kayar da shi.

Muka iso, matan zumunta na coci sun gaji da waƙa, hedimasta na ta gumi cikin kwat. Baƙo ya karɓi makirfo ya ce, "Ina murna da zuwa Tsibirin Awaki." Tsofaffin mata suka ɗau guɗa. Na nemi idon hedimasta, ya ƙi kallona.

Bayan sati aka ƙara sunan namu, Tsibirin Awaki, a ƙasan allon. Ƙananan haruffa suka sa, don mugunta. Ba komai. Kowace Lahadi bayan sujada nakan kai jikokina su hau lilo, in tsaya in karanta musu shi da ƙarfi. Aji huɗuna ya isa wannan.