Muryar Malam a Gidan Haya

Wa ya mallaki muryar mamaci, matarsa ko kamfani? Na tambayi 'yata, wadda ke rubuta mini wannan, ta ce ita ma ba ta sani ba.

Da ciwo ya kwantar da Malam, mijina, ita ta saka masa wata manhaja a waya mai adana magana. Kyauta ce, in ji ta. Na yi mamakin kirkin mutanen da ba su taɓa zuwa unguwarmu Limawa ba amma suke ƙaunarmu haka. Malam ya riƙa zuba mata zance: inda ruwa ke kwanciya a gonarmu ta Kiyawa, lokacin yankan riɗi, har da tsiyar da yake yi wa miyata.

Ina cikin takaba na ce a kunna mini. Kafin ya yi sallama sai ga muryar wata yarinya a wayar tana tallar man bilicin. Da haka kamfani ya yi mini ta'aziyya. 'Yata ta ce da tallan suke ci; in ina son Malam shi kaɗai, sai na riƙa biya duk wata. Akwai ma babban mataki, na masu hali, inda murya ta fi fita tangaran. Ashe matattu ma aji-aji ne.

Na ce a saya gaba ɗaya a huta, yadda na sayi turmina. Ta ce ba a sayarwa, haya ce. Na biya da kuɗin ƙwan zabbina, har damina ta wuce zabbin suka mutu, na kasa biya. Kamfani ya aiko da saƙo mai ladabi, wai suna kewata. Ni suke kewa! Daga nan suka kulle Malam. Sun ce yana nan lafiya, ba su goge ba tukuna.

Nakan yi kuka, ba na ɓoyewa. Tsorona in wayi gari na manta yadda yake jan sunana.

Abu ɗaya ne ya kuɓuce musu. Ranar da zai cika, na kara masa wayar a baki don kada kalma ta zube. Ban iya dannawa ba, ba ta ɗauki komai ba. Ya ture ta da bayan hannu ya ce:

"Hajiya, ajiye abin nan. Ke nake wa magana."