Akwatin ƙasa, Yaya Habu

Shekara uku ke nan da mota ta buge yayana Habu a bakin tashar Nyanya, ina tsaye a tsallaken titi riƙe da abincinsa. Bai tashi ba.

Aikinsa cike wa mutane fom a shagon kwamfuta. Shi ya nuna mini akwatunan nan biyu na jikin fom: na sama jihar asali, na ƙasa ƙaramar hukuma. Na ƙasa a rufe yake, sai ka zaɓi jiha sannan sunaye su zubo. In ka canja jiha, su ma su canja. Yakan yi dariya ya ce, “Kin gani, Ladidi? Ko kwamfuta sai ta ji ɗan gidan wa ne kai.”

Makon nan na zauna a kujerarsa zan cike fom ɗin makarantar koyon jinya. Ranar Juma'a za a rufe. Na danna Katsina, sunaye suka zubo, sai hannuna ya tsaya. Ban san wacce ce tamu ba.

A Mpape aka haife ni. Baba, mai fasa dutse, ya rasu ina goye. Mama Bagwariya ce, ba ta taɓa taka ƙauyen su Baba ba, abin da ta riƙe kawai “Unguwar Tsamiya”. Habu ne ya je sau ɗaya, shi ya san hanya, kullum yana cewa zai kai ni bayan Sallah. Akwatin kuwa bai san unguwa ba.

Ogan shagon ya ce, “Haba ƙanwata, danna kowanne mana, wa zai duba?” Za a duba. Ranar tantancewa sai an ga takardar shaidar asali daga wurin da na zaɓa. Habu kuwa ko da layi ya kai titi ba ya yarda a yi canke. Yakan ce wa mai fom, “Koma gida ka tambayo.”

Yaya, na koma gida. Ba wanda zan tambaya.

Ban gaji komai nasa ba sai wannan taurin kan, shi ya sa na taso na bar akwatin a buɗe. Don Allah, duk wanda ya fasa dutse da Malam Idi Bakatsine a Mpape, ya nemi Ladidi 'yarsa kafin Juma'a. Suna ɗaya kawai nake nema.

Allah Ya jiƙan ka, Yaya.