Maƙerar da Babu Wuta

Maigidana jikan maƙera ne, kuma ba ya bari kowa ya manta. A Kano aka haife shi, a gidan da ƙarar masaba ke tashin yara da safe, amma shi boko ya yi, ya ƙare da tuƙin bas a Landan. Da muka samu gida mai ɗan fili a baya a Dagenham, ina can ina tunanin inda zan shuka alayyahu, shi har ya kafa ɗakin katako ya ce maƙerarsa ce.

Ranar da ya fara hura gawayi yana dukan ƙarfe, ko rabin awa bai yi ba maƙwabciyarmu Baturiya ta leƙo ta saman shinge, ta ce cikin ladabi idan aka ci gaba za ta kira council, wato hukumar unguwa. Daga ranar wuta ta mutu. Sai ya nemo wata hanya. Yakan zana siffar wuƙa a kwamfuta ya tura wa wani kamfani a arewacin Ingila, su yanko masa ƙarfen da inji, wasu masu tanderu su gasa shi ya yi tauri, a aiko masa a kwali. Daga nan nasa aikin ke farawa. Ya wasa a injin washi har kaifi ya fito, ya sassaƙa mariƙi, ya ɗinka kube da jar fata. Kuma tsakani da Allah ya iya, wuƙar da ya yi min har yau ita nake ɗauka kafin kowacce.

Akwai wani dattijo mai tsire a Old Kent Road, mutumin zangon Kumasi, kowa Baba yake ce masa. Hausarsa ba ruwanta da mace ko namiji, ni ma "kai" yake ce min. Maigidana yana ganin girman dattijon nan fiye da na kowa a garin. Ranar da ya kai masa wuƙa ta farko ina wurin. Baba ya zare ta daga kube, ya jujjuya, ya gwada kaifin a gashin hannunsa, idonsa ya kawo ruwa. Ashe mahaifinsa ma maƙeri ne.

"Bugun hannu!" ya ce. "Yaro na, ka mai da ni gida."

Maigidana ya yi murmushi ya sunkuyar da kai. Na mintsine shi, ya yi kamar sauro ne. A hanya ya ce min, "Ai ni ban ce komai ba."

"Shi ne abin da na gani," na ce.

Haka aka yi shekara biyu. Duk wanda ya zo sayen tsire sai Baba ya ɗaga wuƙar sama ya ba shi labarin ɗan maƙeran da ke bugun ƙarfe da hannu a tsakiyar Landan. Sai wata Juma'a ya tare maigidana bayan masallaci ya ce ranar Asabar ta sama yana nan zuwa. Rabonsa da zuga-zugi tun yana yaro, yana so ya zauna ya zuga wuta ko sau ɗaya kafin ya mutu.

Satin nan tuwo bai wuce wa maigidana da daɗi ba. Ranar Alhamis na dawo daga aikina na asibiti na iske shi tsugune gaban murhun gashin namanmu, riƙe da na'urar busar gashina yana hura gawayi. Ya aro wani guntun ƙarfe wai uwar maƙera, har ya shafa wa bangon ɗakin baƙin toka don ya yi kama da tsohon wuri. Dariya ta ci ƙarfina sai da na zauna a bakin ƙofa.

"Abban yara, wasan kwaikwayo za a yi? To ni wa zan fito?"

Bai yi dariya ba. "Idan ya ji gaskiya ba zai sake kallona ba," ya ce.

Nan tausayinsa ya kama ni. Na ce masa mutumin da ya tashi a gindin wuta, bugu ɗaya zai ji ya gane, kuma gara ya ji daga baki da ya gani da ido. Ya tashi ya ɗebo ruwa ya kashe gawayin.

Baba ya iso da hantsi bayan jirgin ƙasa da bas biyu, cikin farar babbar riga, da warkin fata a ninke a jaka. Ko zama maigidana bai bari ya yi ba. Ya buɗe ɗakin, ya sauko da kwalin yankakkun ƙarafa, ya faɗi komai. Ina tsaye da tiren shayi na rasa inda zan ajiye.

Baba ya ɗauki ƙarfe ɗaya ya duba gaba da baya.

"To," ya ce. "Ƙarfe ka ba Turawa su yanka. Ƙarya kuma ni ka ba in faɗa, da furfura a kai na."

Maigidana ya durƙusa. Baba bai ce masa ya tashi ba, sai ya tuɓe babbar riga ya miƙo min, ya ɗaura warkinsa, ya nuna injin washi da haɓa. "Kunna abin nan in gani."

Da tartsatsi ya fara tashi sai dattijon nan ya koma yaro. Ya karɓi ƙarfen da kansa, ya danna, ya ja baya yana salati, ya sake dannawa yana ƙyaƙyata dariya. Ya lalata guda biyu kafin azahar, bai ko ba da haƙuri ba. Ya ce da mahaifinsa ya samu irin wannan da bayansa bai ranƙwafa tun da sauran ƙuruciya ba. Sai da ya ci shinkafa ya sha shayi, sannan ya yanke hukunci. Asabar mai zuwa maigidana zai tsaya a gefen tukubarsa, duk wanda ya taɓa jin labarin bugun hannu ya gyara masa shi da bakinsa.

Na bi shi, don ba a ba ni labarin irin wannan. Tun azahar har la'asar sakaliya yana tsaye cikin hayaƙi da ƙarar bas, yana maimaita wa ya yanka, wa ya gasa, me shi ya yi. Wasu suka yi ta tsokanarsa, wasu suka nemi ganin zanen a wayarsa. Wani likita da ya sa a yi masa wuƙa ya ɓata rai.

"Wait, kana nufin outsourcing ka yi, wasu ka ba aikin? To ni na yi cancel, na fasa."

Baba bai ɗago daga yankan nama ba. "Je ka, likita. In ka samu wanda zai taso daga Dagenham ya kunyata kan shi gaban wuta na, saya wurin shi." Ya cika takarda da tsire ya tura wa maigidana. "Ci, yaro na. Saura mutum uku ba su zo ba."

A bas ɗin komawa rigarsa duk warin hayaƙi, ƙafafunsa sun kumbura, amma sai murmushi yake yi shi kaɗai. Na tambaye shi abin daɗi a cikin wunin kunya. Ya juya wajen taga yana goge ido da bayan hannu.

"Rabon da wani ya tsayar da ni ya yi min faɗa haka," ya ce, "tun ranar da aka binne mahaifina."