Rabin da Baba Ya Ba Ni

Duk ilimin duniya, in ka tace shi, bai wuce sanin yadda ƙwayar halittar jiki ke rabuwa gida biyu ba. Haka na yi imani shekarun baya, lokacin da na fara koyar da ilimin halittu a wata sakandare a Malumfashi, ina yawo da alli a aljihu kamar mai sandar girma.

A damunar shekarar ne ɓarin jikin mahaifina ya shanye. Na je Gozaki na same shi a zaure, hannun dama a kan cinya kamar na aro, ga masara ta isa noman farko.

Ya nuna min wani tabo a ƙaurinsa. "Malam," haka yake kirana in zai tsokane ni, "fartanya ta sare ni nan har ƙashi, sati uku ya haɗe. Me ya hana hannun nan?"

Na gyara murya kamar ina gaban aji. Na ce ƙwayoyin fata kullum cikin rabuwa suke, ɗaya ta zama biyu iri ɗaya sak, shi ne maitosis. Na hanta sai an taɓa su suke farkawa su yi. Amma na ƙwaƙwalwa, inda ciwonsa yake, galibinsu in sun mutu ba a maye su.

"Wato ba zai dawo ba ke nan."

Don in tsere, sai na faɗa ɗaya rabuwar, miyosis, wadda ake yi don haihuwa kaɗai: uba ya ba da rabi, uwa ta ba da rabi.

"Rabi kawai ka samu a wurina?"

"Rabi, Baba."

"To, Allah ya sa da hannun a ciki. Fartanya na bayan ƙofa."

Duk Asabar da Lahadi ina gona har damuna ta fita. A ɗauko shi a babur, a zaunar da shi gindin ɗorawa, yana ƙwala min kira da harshensa da ya yi nauyi: "Malam! Wannan da ka sare masara ce, ba ciyawa ba!"

Ya daɗe da rasuwa, Allah ya jiƙansa. Har yau ina koyar da darasin, kuma in na zana ƙwayar a allo nakan tsaya ina kallon hannuna, ina neman inda Baba yake a ciki. Kantar da ta fito min a tafin hannu tuni ta goge. Da za a mayar da ni gindin ɗorawar nan ya ƙara yi min faɗa ko sau ɗaya, wallahi da gangan zan sare masarar.

Gonar da yake cika rumbu biyu da ita, buhu huɗu ta ba ni.