Damin Dawar Da Na Mayar

A lokacin ni bazawara ce da ɗa ɗaya a goye, ina zaune a wani gari mai ganuwa a ƙasar Kuyello. Mahaifina ya rasu ya bar mini gona jikin ganuwa, da ɗorawa a tsakiyarta. Ba ni da mai noma mini, sai na ba wani aminin mahaifina aronta a gaban dattawa. Duk kaka yakan aiko mini da damin dawa ɗaya, a ɗauko shi a ka a ratsa gari da rana tsaka. Ni da wautata na ɗauka taimakon abinci ne. Ban san shi ne shaidar cewa gonar tawa ce ba.

Shekarar da fara ta cinye amfani, tsohon ya aiko da damin duk da haka. Nauyi ya kama ni, na mayar, na ce ya daina, ai shi uba ne a wurina. Ya tako da kansa ya roƙe ni in karɓi ko zangarniya ɗaya, na kafe na ƙi. Ɗorawar ma na bar wa iyalinsa suna kaɗa. Wallahi har daɗi nake ji ana cewa ina da kara.

Ɗana ya isa riƙe fartanya, tsohon ya rasu, 'ya'yansa suka raba gonar a gado. Na kai ƙara, alƙali ya ce in kawo shaidu. Dattawan duk sun kwanta dama. Waɗanda suka taso bayansu suka ce su dai ba su taɓa ganin dami ya shiga gidana ba. Alƙali ya ce fiye da shekara goma ina kallo ana noma ban tanka ba. Babban ɗan ya rantse gonar ubansa ce, kuma ban ce ƙarya ya yi ba, a cikinta ya buɗe ido.

 Ɗana ya ɗauki gatari ya tafi saran sabuwar gona can cikin daji, inda ba a jin gangar gari idan mahara sun taho. Damina ta biyu aka tsinci fartanyarsa da gorar ruwansa. Har yau ban sani ba, ko ya mutu, ko yana bauta a wata ƙasa.

Ku da kuka ba da aron gona, ku karɓi abin da aka kawo muku a idon jama'a, in ya so ku mayar ta bayan gida. Ni alherina na yi, amma da gadon yaron nan na yi shi, ban kuwa tambaye shi ba.