Hannun Tagulla a Hawan Jinga

Duk wanda ya taɓa ɗauko shinkafa daga fadamarmu ya san hawan jingar nan. Ba shi da tsawo, amma a tsaye yake, kuma ruwa ne a bayanka. Maigidana ya daɗe yana hawansa da tsohuwar a-kori-kurarsa, har shekarar da sanyin ƙashi ya kama masa gwiwar dama.

A miƙaƙƙiyar hanya ba ka gane komai, sai an tsaya a kan hawa. Kafin ya ɗauke ƙafa daga birki ya kai ta kan totur, mota ta soma zamewa baya. Birkin hannu kuwa ba a maganarsa, wayarsa ba ta haye damina guda a cikin laka ba ta yi tsatsa ta tsinke ba. Ƙasarmu kuma ba ta dutse ba ce, balle ka tsinci abin tokare taya. Ran nan motar ta sulale da shi har tayoyin baya suka taɓa ruwa, sai da masunta suka taru suka turo ta.

Da labari ya iso gida, babban ɗanmu ya zo ya durƙusa.

“Baba, a sayar da motar nan. Ku zauna ku huta, ai muna nan.”

“In zauna in yi me? In riƙa yi wa uwarka gadin kaji?”

Ya faɗa da fushi, amma shi ma ya tsorata. Da kansa ya rataye makulli a ƙusa. Daga nan sai zaman tabarma. Tuwo ya riƙa dawo mini kamar yadda na kai shi, in ya ji ƙarar mota a waje sai ya juya wa ƙofa baya. Na san in motar ta tafi, mutumin ma bin ta zai yi a hankali.

Ina tankaɗe wata rana sai na tuna motar mahaifina. Shi ma direba ne, tun zamanin gyaɗa. Akwai wani ɗan hannu na tagulla a gefen sitiyarinsa, ni yake ba ni tsamiya da toka in goge masa. In ya tsaya a gangara sai ya taka birki, ya murɗa hannun, ya ɗauke ƙafarsa, mota tana nan daram.

Na gaya wa maigida. Ya dube ni a kaikaice.

“Ke da ko keke ba ki iya ba?”

“Ban iya ba, Malam. Amma na goge abin da hannuna.”

Da hantsi sai ga shi ya ɗingisa wajen wani tsohon bakanike, abokinsa, a cikin Haɗeja. Ashe bakaniken ya san abin sarai. Ya ce kamar famfo yake a kan bututun man birki: in ka taka, mai ya tafi ya danne tayoyi, in ka murɗa hannun ka rufe masa hanyar dawowa ke nan. Ya ce wasu motocin na da can ma ba a murɗa musu komai, wani ƙwallon ƙarfe ne a ciki, da mota ta fuskanci hawa sai ya gangaro ya toshe hanyar da kansa. Da aka zo da sababbin motoci aka daina ganin irinsu. Sai da ya tona tarkacen matattun motoci har Kafin Hausa kafin ya samo guda. Da ya ɗaura, ya ja wa maigida kunne: abin na tsayuwar ɗan lokaci ne, mai yana silalewa a hankali. In zai bar mota, ya sa mata waigi, wato guntun itacen tokare taya.

Ɗanmu bai gamsu ba. Ya ce sai ya gani da idonsa, a hawan jinga, da kaya. In ta tsaya ba ta motsa ba, ya bar maganar sayarwa.

Ranar aka loda buhunan shinkafa har motar ta zauna. Na yafa mayafi, na ɗauki kwanon furar da na kawo musu, na buɗe ƙofar motar na shiga.

“Inna, ku sauko don Allah!”

“Ni na kawo maganar, ni zan zauna a kanta.”

Ɗanmu ya rungumi waigi ya biyo mu a ƙasa. Niyyar maigida ya tsaya can kusa da sama, inda hawan ya ɗan kwanta. Sai ga garken shanu sun ɓullo ta kan jinga, suka cika hanya. Dole ya taka birki a daidai inda ya fi tsayuwa. Na ga ya dafe gwiwar nan mai ciwo. Ya ce bismillahi, ya murɗa hannun, ya ɗaga ƙafar a hankali.

Motar ba ta motsa ba. Na dubi furar da ke cinyata, ko kaɗawa ba ta yi ba.

Shanun nan ba sa sauri, mai su ma har da tsayawa gaisuwa. Maigida ya miƙe ƙafa, ya murza gwiwa, ya karɓi kwanon ya kurɓa. Ya leƙa ta taga.

“Kai, mai waigi! Ko za ka sha fura?”

Da hanya ta buɗe, ya ɗora ƙafa kan totur ba gaggawa, inji ya ɗauka, sannan ya saki hannun. Muka haye sumul. Masuntan da suka turo shi kwanaki suna ta ɗaga hannu daga cikin kwalekwale, ni kuwa guɗa ta kuɓuce mini, a gaban mutane, da girmana.

Ɗanmu ya iso kan jinga yana haki, yana dariya, yana share ido. Ya jefa waigin a bayan mota, ya ce, “Baba, gobe akwai kayan tattasai zuwa Kaugama.”

Da muka dawo gida, maigida ya cinye tuwonsa har ya nemi ƙari. Ni kuma na jiƙa tsamiya, na ɗebi toka, na fita wajen motar.