Chollom da Ƙwallon Ƙarfe

Chollom Gyang ɗan Bukuru ne, kusa da Jos. Tun yana ƙarami ba a barin rediyo inda hannunsa zai kai, don sai ya kwance ta ya ga abin da ke ciki. Wannan hali ne ya kai shi makarantar fasaha, daga baya ya kawo shi Amurka, inda ya sami aikin gyaran na'urori a wani asibiti a Largo. A Beltsville yake zaune da matarsa Constance, nas ce 'yar Kudancin Kaduna, da 'yarsu tilo, Abby. A coci Da Chollom ake ce masa, yadda Birom ke girmama manyansu, ko da yake a lokacin furfura ba ta gama kama shi ba.

A shagon wankin kaya ya fara ganin wasan fimbol. Wani teburi ne mai gangare da aka rufe da gilashi, a ciki ƙwallon ƙarfe tana yawo tana bugun abubuwa, fitilu na walƙiya. Maɓalli biyu kawai mai wasa yake da su, dama da hagu, su ke ɗaga wasu 'yan fikafikai da ke tare ƙwallon kada ta faɗa rami. Ya gwada ne don ya rage zaman jira. Ranar sai da Constance ta kira shi ta tambaya ko kayan ne suka ƙi bushewa.

Daga nan ya shiga wata ƙungiyar masu wannan wasa da ke haɗuwa duk Asabar da rana a wani zaure kan hanyar Baltimore. Ya jawo abokinsa Almu, Bazazzagi mai haɗa magunguna a asibitinsu, har shi ma ya kamu. Sai dai ba su taɓa son abu ɗaya ba. Chollom sababbin na'urori yake so, masu dokoki kamar ba za su ƙare ba: sai ka bi ta wannan hanya kafin waccan ta buɗe, sai ka jinkirta wani abu don makinsa ya ninka a gaba. Yakan tare ƙwallon a kan fiffike ya tsaya yana lissafi, mutane na jira a bayansa. Almu kuwa tsofaffin na'urori masu ƙararrawa yake so, waɗanda ba su da wani sirri, ka buga, kada ka bari ta faɗi, shi ke nan. Har ya sayi guda ya ajiye a gidansa a Annandale.

Chollom yakan ce wannan wasan yara ne, ba ya buƙatar kai. Almu yakan ce shi duk mako cikin dokokin magani yake, kuskure ɗaya ya kashe mutum, ba zai zo ranar hutu a sake yi masa jarrabawa ba. Shekaru suka yi suna wannan musu a mota, zuwa da dawowa, ba wanda ya sauka daga ra'ayinsa.

Almu ne ya fara lura. Wata Asabar Chollom ya tare ƙwallon yadda ya saba, amma tsayuwar ta yi tsawo. Yana kallon fitilun kamar wanda aka sauke a garin da bai sani ba, a kan na'urar da shi ne ya koya wa rabin mutanen zauren dokokinta. Can ya saki ƙwallon ta gangara. A mota ya ce an canza tsarin na'urar ba a gaya wa kowa ba. Almu kuwa ya san ba a canza komai ba.

Abin bai tsaya a zaure ba. A wurin aiki ya kwance wata na'urar numfashi, ya mayar da ita ɗakin marasa lafiya bai gama haɗawa ba. Allah ya sa wata nas ta gani kafin a sa wa marar lafiya. A gida ya fara tambayar Constance abu ɗaya sau da yawa, ita kuma da ta yi shekaru tana jinyar tsofaffi ta gane tun kafin likita ya faɗa. Cutar mantuwa ce, ta zo masa da wuri, bai ko cika sittin ba. Aka sallame shi daga aiki da girmamawa da kek.

Ya ci gaba da zuwa zaure na ɗan lokaci. Mutanen wurin sun yi haƙuri da shi, wasu na raɗa masa inda zai buga, wannan kuwa ya fi komai ƙona masa rai. Ranar ƙarshe wani ya nuna masa hanya da yatsa, sai ya dunƙule hannu ya daki gilashin. Gilashin ya tarwatse, aka yi masa ɗinki a hannu. Mai zauren ya kira Almu gefe ya ce, cikin ladabi, gara ya daina kawo shi.

Zaman gida ya yi masa nauyi. Sai ya wuni a kujera ba ya magana, ko ya tashi ya kwance abin gasa burodi ya bar shi a warwatse. Ganin haka Almu ya yi hayar mota, ya ɗauko tsohuwar na'urarsa mai ƙararrawa, aka sauke ta a ɗakin ƙasa na gidan Chollom.

Chollom ya sauko ya dube ta, ya dubi abokinsa.

"Almu, yaro ka mayar da ni?"

"Wuri ne ba ni da shi a gida," in ji Almu. "Ka ajiye mini."

"Ƙarya kake yi."

"To, ƙarya nake yi. Ka ajiye mini duk da haka."

Ya daɗe bai taɓa ta ba. Sai wata safiya Constance tana kicin ta ji ƙararrawa daga ƙasa. Ta leƙa ta same shi tsaye, kafaɗunsa na motsi, yatsunsa na aiki daidai kamar da. Kansa ya manta dokoki, amma hannayen ba su manta komai ba. Ba ya kallon maki, ba ya tambayar wa ya ci. Ta ce a watannin nan, in dai tana jin ƙararrawar, tana iya yin wanka ko ta ɗora tukunya ba tare da fargabar ya buɗe ƙofa ya fita ba. Almu yakan zo ranar Asabar su yi wasa bi da bi, ba musu, ba hira sosai.

Bai daɗe a haka ba. Turanci ne ya fara barinsa, sai Abby ta yi masa magana ya yi murmushi kamar ga baƙuwa. Abby tana jin Hausa amma ba ta iya mayarwa, sai ta dage tana haɗa kalmomi, har ta fara iyawa. Kafin ta ƙware, Hausar ma ta soma zubewa daga bakinsa. Abin da ya rage masa Biromanci ne, harshen da ba wanda ke ji a gidan, don shi da Constance da Hausa suka yi soyayya, da ita suka yi aure.

Sannan hannayen ma suka bi. Yana danna maɓalli bayan ƙwallon ta riga ta wuce, ya tsaya yana jiran ta dawo. Wata rana cikin sanyi ya fita ba riga mai kauri, 'yan sanda suka tsince shi a bakin babban titi, yatsun ƙafarsa sun sandare. Constance ta yi kuka, ta sa hannu aka kai shi gidan kula da masu irin wannan ciwo. Almu ya roƙi a bar shi ya kai na'urar can, masu gidan suka ce ƙararta za ta tayar wa sauran hankali.

Yanzu duk Lahadi bayan coci Constance takan ɗauki wani dattijo Birom, Raymond Pam, su tafi tare don a sami mai jin abin da mijinta ke faɗa. Chollom yakan riƙe hannun Raymond ya yi ta magana, ita tana zaune a gefe da kwanon abinci a cinya. Kwanan baya ta tambayi Raymond me yake cewa.

"Tambaya yake ko mamarsa ta dawo daga gona," in ji Raymond. "Ya ce hadari ya haɗu."

"Me ka ce masa?"

"Na ce tana hanya."

Constance ta gyaɗa kai, ta buɗe kwanon, ta fara ba shi a baki.